Garke Jari Ne: Darasi Biyar Daga Littattafan Masu Juya Kuɗɗi

  

A wannan shafi mun saba yin magana a kan ciwon huhu, da tsutsar ciki, da lokacin shasshawa. Yau zan kawo muku wani ciwo wanda ba ya cikin littafin likitan dabbobi, ba shi da allura, amma yana ƙarar da garke fiye da ciwon saifa. Ciwon nan shi ne sayarwar tilas: mutum ya riƙe bisa lokacin da take da ƙiba da daraja, ya kai ta kasuwa lokacin da ta koma ƙashi da fata.

Wanda ya yi aiki a arewacin Dakwaro a bazarar 2010 ba zai manta ba. Damanar 2009 ba ta yi haki ba, kuma tun watan Oktoba kowa ya ga daji fayau. Amma a lokacin shanu na da jiki, sai aka ce mu dakanta mu gani. Da watan Mayu da Yuni suka zo, a wasu kasuwanni kuɗɗin saniya bai kai na buhun hatsi ba. Wata ma sai an sa itace an ɗaga ta. Da ruwan farko ya sauka, sanyi ya gama da da yawa daga cikin masu raunin da suka rage. Na yi allura, na ba da magani, amma yunwa ba ta jin allura.

A lakkwal an koya mini jikin bisa, ba a koya mini lissafin garke ba. Shi ya sa daga wannan shekara na shiga karatun littattafan masu kasuwanci da masu zuba jari, waɗanda aka juya da Faransanci. Da yawansu surutu ne, masu alkawarin arziki cikin wata shida. Waɗannan na ajiye su gefe. Guda huɗu na riƙe. Masu rubuta su ba su taɓa jan guga ba, amma abin da suka gano a kan kuɗɗi da halin ɗan Adam yana da amfani gare mu. Ga darasi biyar.

DARASI NA 1: KA SAN UWA, KA SAN RIBA

A shekarar 1926 wani Ba'amurke mai suna George Clason ya tara wasu gajerun labarai cikin littafi guda, ya ɗora su a kan tsohon birnin Babila, a ƙasar Iraƙi ta yanzu. Kafin nan bankunan Amurka ne ke raba su ga masu ajiya. Babbar shawararsa ita ce: duk abin da ya shigo hannunka, ka raba shi goma, ka riƙe kashi guda, ka sa shi aiki ya haihu, abin da ya haifa shi ma ya haihu.

Za ku ce wannan ai kiwo ne, mun riga shi sani. Gaskiya ne. Karsana ta haifi karsana, ita ma ta haifi wata. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne saurin haihuwar. Masu jari suna da wata dubara mai sauƙi: ka ɗauki 72, ka raba da yawan ƙaruwar da ake samu cikin ɗari a shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da dukiya za ta yi kafin ta ninka.

Mu gwada. A ce bayan an fidda waɗanda suka mutu, da waɗanda aka sayar, da na yanka, da na kyauta, shanu 100 sun zama 105 a ƙarshen shekara. 72 a raba da 5, wajen shekara 14 ke nan kafin su kai 200. A ce kuma awaki 100 sun zama 120. 72 a raba da 20, bai cika shekara 4 ba. Dalili a fili yake: saniya na ɗaukar ciki wata 9, a kiwon daji sai ta kai wajen shekara 4 kafin haihuwar fari, kuma sau da yawa maraƙi guda take bayarwa cikin shekara biyu. Akuya ciki wata 5 ne, jar akuyar Maraɗi kuma ta saba da tagwaye.

Yanzu ku juya lissafin. In fari ya ci rabin shanun, 50 suka rage. Kafin su koma 100 sai sun ninka, wato shekara 14. Asarar rani guda, aikin shekara 14. Yaron da ya fara bin shanu yana ɗan shekara 10, sai ya yi aure garken bai koma yadda yake ba. Shi ya sa da yawa daga cikin iyayenmu da farin 1973 da 1974 ya kwashe musu dukiya, ba su gama miƙewa ba farin 1984 ya iske su.

Saboda haka aikin farko na mai jari ba neman riba ba ne, tsare uwa ne. Ku shiga garke ku raba shi kashi uku:

- Masu haihuwa: shanun tatsa, karsana, tumaki da awaki mata masu ƙarfi, da namijin barbara mai kyau. Su ne uwar kuɗɗi.
- Masu aiki: takarkari, shanun noma, jaki, raƙumin kaya.
- Masu ci kawai: guzuma da haƙora suka ƙare, juya da ta yi shekara uku ba ciki, maza da suka yi yawa.

Kashi na uku shi ne ribar da ta nuna. In ba ku tsinke ta ba, ita ce za ta cinye hakin uwa. Kuma duk ranar da kuka sayar da bisa, cikin kowace jikka 10 ku ware jikka guda ta garken kansa: dusa, kanwa, gishiri, magani.

DARASI NA 2: KASUWA MAƘWABCI CE, BA UBANGIDA BA

Benjamin Graham malami ne a jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok, kuma mai juya hannun jari. Hannun jari kamar watanda ne: a raba kamfani kashi-kashi, kowa ya sayi nasa, ya iya sayarwa ranar da ya so. A shekarar 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi, ta ci gaba da gangarawa har 1932, Graham ya yi asarar mafi yawan dukiyar da yake juyawa. Abin da ya koya daga wannan wuya ya zuba shi cikin littafinsa na 1949, wanda da Faransanci ake kira L'investisseur intelligent. Cikin ɗalibansa akwai Warren Buffett, wanda daga baya ya shiga sahun manyan attajiran duniya.

Graham ya kwatanta kasuwa da abokin tarayya mai saurin canza hali, wanda ke zuwa kullum yana yi maka tayi. Wata rana yana cikin murna, ya taya da tsada. Wata rana tsoro ya kama shi, ya taya da banza. Ba dole ba ne ka amsa masa. In tayinsa ya yi maka, ka sallama. In bai yi ba, ka ce albarka, gobe ma zai dawo.

Kasuwarmu ta bisashe ita ma haka take, sai dai mu mun san kwanakin halinta. Da kaka bisa na da ƙiba, hatsi na araha. Da bazara bisa ta rame, hatsi ya hau. Gab da sallar layya rago na daraja, kuma sallar tana dawowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara, don haka mai turka sai ya duba wane lokaci za ta faɗo. Akwai kuma abin da ba ya hannunmu. Yawancin bisashenmu Najeriya suke tafiya. Da darajar naira ta faɗi a 2016, farashi ya karye tun daga Gidan Idar har Bakin Birji. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, fatauci ya sha wuya.

Ga abin da nake so ku riƙe: ku daina auna farashin bisa da jikka kaɗai, ku auna shi da tiyar hatsi. Mu ƙaddara, don misali, da kaka bunsuru jikka 25, buhun hatsi jikka 20: bunsuru ya sayi buhu da kwata. Da bazara wannan bunsuru ya rame ya koma jikka 15, buhu ya hau jikka 30: yanzu rabin buhu yake saye. Wanda ya jira ya yi asara sau biyu a rana guda, wajen sayarwa da wajen saye, ban da hakin da bunsurun ya ci wata bakwai. Ku sa farashin kasuwarku a wurin nawa ku gani.

Wa ke iya cewa albarka ya ja bisarsa ya koma gida? Sai wanda ya bar hatsi cikin rumbu. Dillali yana gane mai buƙata tun daga yadda ya riƙe igiya. Ƙarfin ciniki ba a baki yake ba, a rumbu yake.

DARASI NA 3: KA BAR RATA

Babban darasin Graham shi ne wannan: tunda kowa na iya kuskure, kada ka yi lissafin da sai kome ya tafi daidai za ka tsira. Ka bar rata tsakaninka da rami. Shi a wajensa ratar ita ce ya sayi hannun jari ƙasa sosai da ainihin darajarsa. Mu a wajenmu ratar cimaka ce. Ayarin gishiri da ke zuwa Balma ba ya shiga Tenere da hakin zuwa kaɗai. Yana ɗaukar na dawowa, yana ajiyewa a hanya.

Ga lissafin da ma'aikatar kiwo ke yi kowace shekara bayan damana. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen haki kilo 6 da kwata a rana. Daga Oktoba zuwa Yuni kwana 270 ne. In an haɗa, wajen kilo 1.700 ke nan ga saniya guda. Tunkiya ko akuya wajen kilo guda take ci a rana. Mai shanu 10 da ƙananan bisashe 20 yana buƙatar sama da kilo 80 kullum, wato wajen tan 22 kafin sabon haki.

Ba wanda ya ce ku tara tan 22 a gida. Mafi yawa daji da karan gona ne ke bayarwa. Tambayar tana kan kwana 90 na ƙarshe, lokacin da daji ya zama hamada. In za ku tallafi kowace saniya da kilo guda kacal na dusa ko gurya a rana, shanu 10 sun ci kilo 900, wato buhu 18 mai kilo 50. In ƙarfinku buhu 9 ne, to shanu 5 gare ku, sauran 5 baƙi ne, kuma bazara za ta zo ta ɗauki baƙinta. Gara ku sallame su da kanku suna da ƙiba.

Sannan ku ƙara wata guda a kan lissafin. Ruwa na iya makara, ko ya sauka ya ɗauke. Ko ya zauna, sai an yi makonni kafin haki ya kai bakin saniya. Ku lissafa har tsakiyar Yuli. In damana ta zo da wuri, dusar da ta rage ba ta ɓata ba, ta zama nono.

Akwai wasu rata guda biyu:

- Kada dukiya ta zama iri guda. Saniya da tunkiya ƙasa suke kiwo, akuya da raƙumi suna kai baki ga itace. A manyan fari, awaki da raƙuma sun fi jurewa, kuma da awaki ake fara tada garke.
- Shasshawa. Ta ciwon huhu na shanu kowace shekara ake sabunta ta. Ta annobar tumaki da awaki, mai zuwa da majina da zawo, allura guda tana tsare bisa aƙalla shekara 3. Babu jarin da ya kai wannan araha.

DARASI NA 4: ZUCIYA BA TA SON AMSA ASARA

In lissafin ya fito fili haka, mi ya sa ba mu yi? Na daɗe ina cewa taurin kai ne, sai da na karanta Daniel Kahneman, masanin halin ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya fitar da babban littafinsa a 2011. Gwaje-gwajensa sun nuna cewa zafin asara ya kai wajen ninki biyu na daɗin riba mai yawa ɗaya. Wato ɓatan jikka 10 ya fi ciwo nesa a kan daɗin tsintuwar jikka 10. Ya kuma kawo binciken da ya nuna cewa masu hannun jari a Amurka sukan gaggauta sayar da wanda ya yi riba, su rungume wanda ke faɗuwa, don kada su amsa cewa sun yi asara. Ashe ba halin makiyayi ba ne kaɗai, halin ɗan Adam ne.

Ni ma ya kama ni. Wata shekara na turke raguna biyar don sallar layya. Saura mako biyu aka taya su da riba ƴar daidai, na ƙi, don maƙwabcina bara ya samu fiye da haka. Sai motoci suka yi ta sauke raguna, kasuwa ta cika, tayi ya sauka ƙasa da abin da na kashe. Nan ma na ƙi, na ce ba ni sayarwa da faɗuwa. Salla ta wuce, na ci gaba da sayen dusa tiya-tiya da tsada. Bayan wata biyu na sallama su ƙasa da tayin da na raina. Kuɗɗin da na riga na kashe sun tafi ko na sayar ko ban sayar ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne in tsai da zubar, ban tsayar ba.

A garke abin ya fi muni. Mutum ya riƙe guzuma saboda ta uwarsa ce, ko saboda bara an taya ta da tsada. Da bazara ta matsa, guzuma ba mai saye, sai dole ya fidda karsana mai kyau, don ita kaɗai za ta kawo kuɗɗin hatsi. Ya sayar da gobe, ya riƙe jiya.

Maganin wannan guda uku ne. Na farko, ku yi wa kanku tambaya guda: da kuɗɗi ne a hannuna yau, zan sayi wannan bisa a wannan farashi, in ciyar da ita har damana? In amsar a'a ce, to riƙe ta daidai yake da sayen ta. Na biyu, ku kafa ƙa'ida tun zuciya na kwance. A ƙarshen Satumba ku zagaya makiyaya ku duba haki da tabki, ku ambaci bisashen da za su fita da sunansu, ku sa ranar kasuwa kafin ƙarshen Nuwamba. Na uku, ku faɗa a gaban shaidu: uwargida, babban ɗa, ko abokin kiwo. Maganar da aka yi a gaban mutane tana da wuyar janyewa. Ku tuna kuma, bisashe da yawa cikin garke na mata ne da na yara. A yi shawara da mai abu kafin a ɗaura igiya.

DARASI NA 5: RANAR DA KUƊƊI KE HANNU AKE YANKE SHAWARA

Za ku ce: mun ji, amma in mun sayar da kaka, kuɗɗin ba su kai bazara. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar hujjar mai ƙin sayarwa. Kuɗɗi na da ƙafa. Ga biki, ga suna, ga ɗan'uwa da ya ji labarin ka je kasuwa. Saniya ba a gutsure ta, amma jikka ana gutsure ta har ta ƙare.

Amsar na same ta cikin littafin Abhijit Banerjee da Esther Duflo na 2011 a kan yadda masu ƙaramin ƙarfi ke tafiyar da kuɗɗinsu. Su biyu tare da Michael Kremer suka samu kyautar Nobel a 2019. A yankin Busiya, yammacin Kenya, manoman masara sun san takin zamani na ƙara amfani, kuma da yawansu na cewa za su sa. Amma in lokacin ya zo, kuɗɗin girbi sun ƙare. Sai aka gwada wani abu: da an gama girbi a je wa manomi da takardar sayen taki, ya biya cikakken farashi a lokacin, a kawo masa takin har gida ba kuɗɗin ɗauko. Ba a rage masa ko dala ba. Duk da haka masu sa taki sun ƙaru da wajen rabi. Babban abin da ya canza shi ne lokacin biya.

To mu ma haka za mu yi. Ranar da kuka sayar, kada kuɗɗin su kwana a aljihu. Tun a kasuwar ku juya su:

- hatsin da zai kai gida har sabon girbi;
- dusa da gurya, tun ba su hau ba; a jera buhuna bisa itace, nesa da danshi da gara;
- harawar wake da ta gyaɗa daga hannun manoma, a ɗora bisa rumfa, a rufe ta kada rana ta cinye ganyen;
- in an samu saura, ƴan awaki mata, ko zubi a ƙungiya.

Wanda ba shi da wurin ajiya, ko yana tafiya da garke, ya haɗa kai da ƴan'uwa a bankin cimakar bisashe ko rumbun tsimi na gari, a rubuta abin da kowa ya zuba, a karanta shi a bainar jama'a. A nan matanmu sun riga mu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Sirrinsu ba wani abu ba ne illa zubi a kan lokaci, da akwatin da mutum guda ba ya buɗe shi shi kaɗai.

INDA LITTAFI BAI SAN GARKE BA

Kada ku ɗauka na ce a maida garke takarda. Akwai abin da waɗannan marubuta ba su sani ba, ku kun sani.

Na farko, kuɗɗi ma na mutuwa. Bankin BDRN ya rushe a 1990, masu ajiya suka sha wahala. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran na Faransa da ake canzawa dala 10 ya koma dala 20. Wanda ya ɓoye takarda ya kwana da rabin ƙarfinsa wajen sayen kayan waje, mai bisashe kuwa ya ga farashinsu ya tashi. Don haka ba a sayar da uwa, riba ake tsinka, kuma a juya ta zuwa abin da garke da gida za su ci.

Na biyu, wasu daga cikin littattafan nan a kan kuɗɗin ruwa suka gina lissafinsu, abin da addini ya hana mu. Mu muna da namu hanyoyi, kamar ba da kiwo a raba riba.

Na uku, saniya ba farashi ce kaɗai ba. Nono ce, taki ce, sadaki ce, zumunci ce. Habbanayen Fulani, inda ake ba mutum aron karsana ya riƙe ƴaƴan da ta haifa ya maido uwa, rata ce da babu marubucin Niyok da ya ƙirƙiro irinta. Wanda ya ba da aro yau, ya ajiye iri a wani garke da fari ko annoba za su iya tsallakewa.

Na huɗu, ga makiyayi tafiya ita ce rata ta farko. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa tafiya da garke haƙƙin makiyayi ne. Mai tashi da wuri shi ke iske haki da ruwa. Amma tafiya da sayarwa ba kishiyoyi ba ne: garken da aka rage masa masu ci kawai ya fi saurin tafiya, ya fi sauƙin shayarwa a rijiya.

AIKIN WANNAN KAKA

1. Ku ƙidaya garke, ku raba shi uku: masu haihuwa, masu aiki, masu ci kawai. Ku buɗe bakin tsofaffi ku duba haƙora.
2. Ku lissafa cimakar kwana 90 na ƙarshe, ku ƙara wata guda.
3. Ku ambaci waɗanda za su fita, ku sa ranar kasuwa, ku faɗa a gaban iyali.
4. Ku tambayi farashin bisa da na hatsi a kasuwa biyu ko uku kafin ku ja igiya.
5. Ku juya kuɗɗin ranar da suka shigo.
6. Ku kai garke wurin shasshawa.
7. Ku sayi kaye da bik. Kowace haihuwa, mutuwa, saye da sayarwa a rubuta, da boko ko da ajami. In ba ku rubutu, ɗan lakkwal na gida ya riƙe muku. Ba tare da wannan ba, ba za ku san ko garkenku na ƙaruwa da 5 cikin ɗari ko yana raguwa ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. A kasuwarku, tiya nawa ta hatsi bunsuru ya saya da kakar bara, kuma nawa ya saya da bazara?
2. A farin da ya wuce, wa ya fi fita da sauƙi a garinku ko rugarku? Mi ya yi, kuma a wane wata ya yi shi?
3. Wace hanya za ku bi kuɗɗin bisa su kai bazara ba su watse ba?

Ƴan'uwa, ruwa na Allah ne, ba mu da iko a kansa. Amma ranar kai bisa kasuwa tana hannunmu, muddin ba mu bari yunwa ta zaɓa mana ita ba. Wanda lissafin cimaka ya rikice masa, ya zo ofishin kiwo mafi kusa da yawan bisashensa, mu zauna mu yi shi tare.

Allah ya tsare garke, ya ba mu rani mai sauƙi da damana mai albarka. Sai bugu na gaba.